Masu hawa keke a zafin bazara: a kula da ci da sha

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in ja hankalin masu hawa keke, tun daga masu ɗauko kayan gwari da itace zuwa kasuwa har matasan da ke fita motsa jiki, musamman daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano.

Abin da ke damuna shi ne, iskar da ke kaɗa mai keke tana busar da gumi nan take, sai ya ɗauka bai yi zufa ba, alhali jikinsa na iya zubar da fiye da lita ɗaya cikin sa'a guda. Duk wanda ya lura da farin shacin da ke fitowa a bayan rigar mai keke, to gishirin jikinsa ne ya fita, kuma ruwa zalla ba ya mayar da shi. Haɗin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa yana da sauƙi: a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishirwa ta kama, kada a bari sai maƙogwaro ya bushe sannan a kwankwaɗa.

Game da abinci, ba na ganin hikimar cika ciki da tuwo a hau keke da rana tsaka. Dabino da ayaba a aljihu sun fi, a kuma tsaya a inuwa a sha fura da nono ko kankana. Mai azumi kuwa, ya fi masa ya gama tafiyarsa da sanyin safiya ko ya jira bayan shan ruwa.

Idan fitsari ya yi duhu, ko jiri da ciwon kai suka fara, a sauka a nemi inuwa. Wanda ya fara ruɗewa ko ya suma, a jiƙa masa jiki da ruwa, a yi masa fifita, kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti. Ina kuma roƙon shugabannin kasuwanni su ajiye randunan ruwan sha a wuraren da ake jingine kekuna.

Naku,
Mai karatu daga Kano