A koya wa matasa haɗa na'urar auna damshin ƙasa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan yadda tsadar fetur ke gallabar masu noman rani tun bayan cire tallafi a 2023, kuma ina so in ƙara magana ɗaya.

A Kura da Kadawa, da yawanmu muna tada injin ban ruwa ne bisa al'ada, ko ƙasa na buƙata ko ba ta buƙata. Saman ƙasa ya bushe, amma ka tona da yatsa ka tarar ƙasan jiƙe take. Fetur ya ƙone, ruwa ya wanke taki, saiwar tumatir ta ruɓe.

Akwai ƙaramar na'urar auna damshi da ake soka wa kusa da saiwa, a haɗa ta da wani ƙaramin allon lantarki mai sarrafa na'ura da ake kira Arduino da ɗan faifan sola, ta kunna fitila idan ƙasa ta bushe. Sai dai dole a saita ta, domin jigawa da laka ba ɗaya suke riƙe ruwa ba.

Ina roƙon hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Kano, wato KNARDA, ta horar da masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre da ke birnin Kano su riƙa haɗa ta, malaman gona kuma su gwada ta a gonakin gwaji kafin rani mai zuwa.

Naku,
Wani manomi daga Kura, Jihar Kano