Ka Ce Wa Auta Ya Rage Kaya

Bradford, Ingila
Daren Lahadi

Alaramma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da amarya da yara. Amarya dai ko ta haifi goma amarya ce a wurina, kada ka ce in sauya mata suna. Ya ƙafar Hajiya? Allah Ya ƙara sauƙi. Na san abin da za ka ce, wai mutum ya shiga ƙasar sanyi har hannun rubutunsa ya daskare. To kai fa? Ba na jin ɗuriyarka sai ranar da aka ci Arsenal.

Auta ne ya zaunar da ni yau. Ya turo mini muryarsa ta WhatsApp yana gwajin amsa tambayoyin IELTS, jarrabawar Turancin nan ta masu neman aikin jinya a nan, wai in saurara in faɗa masa gaskiya. A bas na saurara ina dawowa daga aiki, sai da wata tsohuwa ta juyo tana kallona don dariya. An tambaye shi abincin da ya fi so. Yaron nan ya buɗe da "first and foremost", ya bi da "moreover", ya ɗora "furthermore", ya rufe da "in conclusion". A kan shinkafa da wake fa! Wallahi muryar malaminmu na Turanci na ji, yadda yake jan "nevertheless" yana buga allo da bulala. Allah Ya jiƙansa. Shi don WAEC ya shirya mu, kuma mun ci, ba shi da laifi.

Ban yi wa Auta dariya ba a amsata, don abin ya dame ni. Hukumar ma'aikatan jinya ta nan, NMC, maki 7 take nema a magana da sauraro da karatu, 6.5 a rubutu, ga kuɗin jarrabawar ka san yadda ya koma da faɗuwar naira. Ɓangaren magana minti 11 zuwa 14 ne kacal, daga kai sai mai jarrabawa, kuma cikin abin da yake aunawa har da yadda kake ƙulla zance, ko mahaɗan da ka sa sun zauna a mazauninsu. Ba yawansu yake ƙirgawa ba.

Kai ne malamin nahawu, kai ke wahalar da 'ya'yan mutane da bayanau da mahaɗi, kalmomin nan masu bayyana yadda aka yi abu da masu haɗa zance, to bari yau in karantar da kai. Mutanen nan a bakinsu na yau da kullum da "and" da "but" da "so" da "cos" suke tafiyar da kusan duk zancensu. Tun zuwana ban ji wanda ya ce "moreover" a ɗakin marasa lafiya ba. Wanda ya fi ba ni sha'awa "though" ne. Mu a farkon jimla aka koya mana shi, su kuwa sai sun gama magana su rataya shi a wutsiya: "It's freezing. Nice, though." Mutum ya yi ƙorafi ya janye rabinsa da kalma ɗaya. A Glasgow ma har "but" suke kaiwa ƙarshen jimla. Sannan ka ja kunnen Auta kan "although" da "but" a jimla guda. Mu "ko da yake ya gaji, amma ya zo" Hausa ce tsaf, shi ya sa bakinmu ke kai mu can, su kuwa ɗaya ake ɗauka a bar ɗaya. Na ji ya yi sau biyu a muryar nan.

Amma inda ake karyewa a bayanau ne, don a nan Bature yake ɓoye abin da ke ransa. In shugabar ɗaki ta dubi rahotonka ta ce "quite good", kada ka kira gida ka ce a yi walima, ba laifi take nufi. In Ba'amurke ne ya faɗi haka, to yabo ne sosai. In babban likita ya ce "I'm a bit worried about bed four", ajiye shayin ka ruga, wannan "a bit" ɗin ba kaɗan ba ne. Tsoho ya ce maka cikinsa "a bit sore", ka dubi fuskarsa kafin ka yarda, don sai ka tarar zufa yake yi. "Actually" a farkon magana yawanci a'a ce aka sa mata riga. "Could you just" kuwa umarni ne, babu zaɓi a ciki.

Kwanan baya wata sabuwar abokiyar aikinmu, 'yar ƙasarmu, ta ɗauki waya. 'Yar wata tsohuwa ce da aka sallama ta kira, ta ce "Mum's hardly eating." Baiwar Allah ta yi murmushi ta ce madalla, har ta ja biro za ta rubuta cewa tsohuwa na cin abinci sosai. Ina kusa da ita ina jera magani a tire, na ji muryar matar ta sauya a wayar, na yi mata alama ta miƙo mini. Ita ta ɗauka "hardly" ɗan "hard" ne, tunda an ce mana a ƙara "ly" a sami bayanau. Alhali da ƙyar tsohuwar ke kai loma baki. Mun gyara, ba abin da ya faru, amma yarinyar ta wuni jikinta a sanyaye. Haka "late" da "lately" ba su haɗa hanya ba. "Severally" ɗin nan da muke faɗa da nufin sau da yawa, a nan daban-daban yake nufi, kuma sai a takardun lauyoyi.

Ga kuma na Yorkshire, su nasu daban ne. Za a ce maka kana aiki "seven while seven", wato daga bakwai har zuwa bakwai, "while" ya koma "until". Abu ya yi kyau su ce "right good". In aiki ya yi yawa su ce "dead busy", a asibiti fa, gaban majinyata, ko a jikinsu.

Ni abin da ke ba ni haushi, mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan. Ka tuna ranar da aka tambayi Hajiya game da saurayin nan mai babur, ta ce "To, yana da kirki dai"? Wannan "dai" ɗin ai shi ya kashe auren, kowa a tsakar gidan ya ji. "Ya zo fa", "ya zo ma", "ya zo kam", "ai ya zo", magana huɗu ce ba ɗaya ba, kuma ba wanda ya koya mana a aji. Kunnen muna da shi, sai mu shiga Turanci mu ajiye shi a ƙofa.

Af, wai da gaske ne Dogo zai ƙara aure? Mutumin da har yau bai biya ni kuɗin taya ba! Matata ta ji a wurin ƙanwarta, ta ce har an kai gaisuwa. In gaskiya ne ka faɗa masa gudummawata ita ce tayar, na yafe. Kuma wa ya ba shi shawarar rina gemu? Na ga hoton, ban gane shi ba sai da na ga kunnuwan.

Mu nan an mayar da agogo baya tun Lahadin ƙarshen Oktoba, yanzu kun riga mu da awa ɗaya, kuma kafin ƙarfe huɗu da rabi duhu ya yi. La'asar da magariba sai ka ce a haɗe suke. To ka ce wa Auta ya kira ni ranar Asabar bayan isha'inku. Kada ya haddace komai. Zan tambaye shi labarin unguwa da Turanci, duk "furthermore" ɗaya naira ɗari biyar, kai ne ma'aji. Ya riƙa sauraron rediyon da mutane ke kira suna gardama, ba labarai kaɗai ba, can ne zai ji yadda ake sa "though" da "anyway".

Na san akwai abin da ka tambaye ni a saƙonka na ƙarshe, wayar tana caji a ɗaki kuma yara sun yi barci, sai na duba. In mai zuwa ya samu, a aiko mini da kuka da daddawa da yaji. Ban da kilishi, ba a barin nama ya shigo, a filin jirgi za su karɓe. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida 'yan majalisa, har da Dogo in ya yarda ya yi aski.

Naka,
Na Bakin Kasuwa