Sanarwa kan buɗe imel ɗin ofis daga waje

Assalamu alaikum iyayenmu da abokan aiki. Da fatan an tashi lafiya.

Daga Litinin mai zuwa, kalmar sirri kaɗai ba za ta buɗe imel ɗin ofis ba idan kuna waje, sai kun haɗa da lamba ta biyu daga wayarku. Makon jiya an turo wa ɗaya daga cikinmu saƙon bogi mai kama da namu, ya rubuta kalmarsa a ciki. Allah ya sa mun farga da wuri.

Don Allah kowa ya sauke Microsoft Authenticator ko Google Authenticator. Manhajar tana fitar da lambobi 6 da ke canzawa duk bayan daƙiƙa 30, ko babu data ko sabis. Shi ya sa na fi son ta ga masu fita aiki ƙauyukan Dukku, Nafada da Balanga, inda saƙon tes ke makalewa. Ga kuma ɓarayin layi, masu karɓo sabon sim da sunan mutum. Lambar tes a hannunsu take faɗawa. Ku dai tabbatar agogon wayarku daidai yake, in ba haka ba lambar ba za ta yi aiki ba.

Kada ku karanta wa kowa lambar nan, ko da ya kira ya ce ni ne. In waya ta nemi ku amince da shiga alhali ba ku ne ke shiga ba, ku ƙi, ku kira ni nan take.

Masu ƙaramar waya ku same ni a ofis gobe bayan azahar.