Sanarwa ga iyayen yara kan karatu a gida

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Don Allah mu riƙa zaunar da yaranmu su yi karatu a gida, ko minti 15 ne bayan Isha'i. Turancin aji kaɗai ba ya isar su, tunda ba sa jin sa a gida ko a gona, ga shi da shi ake jarrabawar shiga sakandare. Yaron da ke karanta labari yana haɗuwa da kalma sau da yawa har ta zauna masa.

Kar mu raina littafin Hausa. Wanda ya iya haɗa baƙi da wasali a harshensa ya fi saurin kama Turanci. Iyaye mata, ko ba ku yi boko ba, ku sa yaro ya karanta, ya faɗa muku ma'anar da Hausa. Mai tsofaffin littattafan firamare ya kawo ranar Juma'a a raba.