Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai neman a dasa babbar taransifoma

Assalamu alaikum Malam,

A taron da aka yi kan wutar karkara ka tashi ka tambaye ni: tunda ƙauyuka sun bunƙasa, wuta kuma ta yi rauni, me zai hana a cire ƙaramar taransifoma a dasa babba kowa ya huta? Lokaci ya ƙure a ranar, ga amsar yanzu.

Sau da yawa laifin na waya ne. Wuta kan iso ta layin kilobolt 33 ko 11 (bolt ma'aunin ƙarfin wuta ne, kilobolt kuwa bolt dubu), taransifoma ta sauke ta zuwa bolt 230 na gida, wannan ƙaramin bolt kuwa ba ya jure doguwar tafiya. Shi ya sa gidan da ke gindin taransifoma fankarsa ke gudu, na ƙarshen layi kuwa ƙwan fitilarsa ya yi ja kamar garwashi, firij na ta gurnani ya kasa tashi. Idan lodin da waya ke ɗauka ya ninka biyu, wutar da ke ɓacewa a hanya ninki huɗu take yi, duk ta koma zafi. Ka dasa babbar taransifoma a kan siririyar wayar nan, sai ta yi zafi, ta saki, ta riƙa lilo tsakanin falwayoyi.

Ni abin da na fi gamsuwa da shi shi ne a shigar da layin kilobolt 11 har cikin gari, a rarraba ƙananan taransifomomi masu KVA (ma'aunin girman taransifoma) 16 ko 25, kowace ta ɗauki 'yan gidaje. An yi haka a sassan Indiya, kuma masu maƙala waya su saci wuta ba su ji daɗin tsarin ba, don babban layi ba ya maƙaluwa. Jihar Gujarat ta Indiya ma tun 2003 ta fara raba layin injinan ban-ruwa da na gidaje. Irin wannan rabawa na da amfani: injin idan zai tashi yakan ja ninki biyar zuwa bakwai na wutar da yake ci yana aiki, fitilun maƙwabta su dushe.

Akwai kuma gyara mai araha da ake rainawa. Taransifoma layi uku take fitarwa, amma sai ka tarar an jibge rabin gari a kan ɗaya, biyu na hutu. Daidaita su aikin yini ne.

Inda awo ya nuna taransifomar ce ta cika, a sauya ta, ba musu. Amma a fara aunawa, da misalin ƙarfe takwas na dare, a bakinta da kuma gidan ƙarshe.

Wassalam,
Injiniyan da ka tambaya