A buɗe wa iyalan tsoffin sojoji ƙofar gyaran takardu a Damagaram

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili in yi magana kan wata matsala da ke cin iyalan tsoffin sojojin da suka yi wa Faransa aiki a nan Damagaram. Ba kasafai ake jin ta a rediyo ba, saboda masu ita tsofaffi ne, akasarinsu mata, kuma ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Matsalar ita ce saɓanin suna, shekarar haihuwa da garin asali tsakanin littafin aikin soja da sauran takardun mutum. Harafi biyu su bambanta, sai a ce wannan ba wancan ba ne, haƙƙi ya maƙale shekara da shekaru.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Tun da na ajiye aiki maƙwabta ke kawo mini takardun Faransanci in karanta musu, in rubuta musu amsa, kuma ta nan na fahimci cewa kuskuren nan ba sojan ne ya yi shi ba. Kowa ya san Faransawa sun shiga Zinder, wato Damagaram, a 1899 bayan yaƙin Tirmini, kuma nan ne babban birnin ƙasar daga 1911 har 1926 da aka mayar da shi Yamai. A 1919 suka kafa dokar aikin soja na dole, shekara uku, ana fitar da samari ta hanyar ƙuri'a. Ayarin ɗaukar soja ya sauka a gari, ga kumandan, ga likita, ga tafinta, ga magatakarda. Saurayin da aka tsayar gabansu ba shi da takardar haihuwa, bai taɓa ganin sunansa a rubuce da boko ba. Ya faɗi suna, tafinta ya maimaita, magatakarda ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Mahamadu ya koma Mamadou ko Mamane, Lawali ya koma Laouali, wani kuma sunan da kakarsa ke kiransa da shi ya bayar, don shi ya sani, na yanka ba a faɗarsa a gida. Inda za a sa sunan uba, wani lokaci sunan gari aka sa. Shekaru kuwa likita ne ke duban jiki ya kintata, a rubuta an haife shi wajejen shekara kaza. Garin haihuwa sau da yawa sai a sa garin da sarkin yankin yake zaune, ba ƙauyen yaron ba.

Akwai ma wanda ya fi wannan ciwo, wanda dattawa ba sa son tonawa: mai hali ya ɓoye ɗansa, a tura ɗan baransa da sunan wancan. Mutum ya je ya ga mutuwa da idonsa a Turai, ko Indoshin, wato yankin Vietnam da maƙwabtanta, tsakanin 1946 da 1954, ko Aljeriya har 1962, ya dawo da sunan da ba nasa ba.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, waɗannan mutane suka nemi katin ɗan ƙasa. Aka je kotu da shaidu aka yi musu takardar da ke maye gurbin ta haihuwa. Wani magatakarda ne daban, da kunnensa daban, da kintacensa daban. Shi ke nan mutum ɗaya ya zama biyu a takarda, kuma babu wanda ya lura, domin muddin yana raye ya je da ƙafarsa, an san fuskarsa. Ranar da ya kwanta dama ake gane akwai matsala.

Wata baiwar Allah daga wani ƙauye a yankin Mirriya ta zo wurina da jikanta. Ta kwance bakin zane, ta fito da leda, cikin ledar akwai tsumma, cikin tsumman littafin sojan mijinta. Takardun sun yi ja, gefensu ya gutsuttsure, tawadar ta kusa bajewa, amma lambar aikinsa tana nan raɗau, ga tsawonsa an rubuta, ga bayanin tsagen fuskarsa. Ya yi Indoshin, ya yi Aljeriya, ya cika shekarun da ake ba mutum fansho. Ta nemi rabon da doka ta ba matar mamaci, aka mayar mata da takardu da layi biyu: sunan da ke takardar aure bai dace da na littafin soja ba, kuma akwai tazarar shekara uku a haihuwa. Da na fassara mata, sai ta ce, “Malam, to wa na aura ke nan? Ni na wanke masa raunin ƙafarsa har ya bar duniya.” Ban sami abin ce mata ba. Matar nan ba sadaka ta roƙa ba, gumin mijinta ta nema, kuma jikan da ya rako ta ya bar makaranta don babu kuɗin littattafai.

Abin da ke ƙara ƙona mini rai shi ne irin jiran da mutanen nan suka riga suka yi. A ƙarshen 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta mulka, ya tsaya cak inda yake, na takwarorinsu Faransawa yana ta hauhawa. Sai a Nuwamban 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ba wani tsohon saja ɗan Senegal, Amadou Diop, gaskiya, ta ce wannan wariya ce, alhali shi kansa ya riga ya rasu. A 2007 aka daidaita kuɗin katin mayaƙi, wato alawus ɗin wanda ya je fagen yaƙi, da na waɗanda suka nakasa, sannan bayan hukuncin kotun tsarin mulki na Mayun 2010 aka daidaita sauran daga Janairun 2011, wani ɓangaren ma sai wanda ya rubuta ya nema. Shekara hamsin ana haƙuri, a ƙarshe a ce rubutun suna ne zai tare hanya?

Ga iyalan da ke karanta wannan, ko ake karanta musu, gyara yana yiwuwa, kuma mabuɗinsa lambar aikin soja ce, tare da shekarar da aka ɗauki mutum da wurin da aka ɗauke shi. Suna yana sauyawa daga alƙalami zuwa alƙalami, lamba ba ta sauyawa. Takardun sojojin Afirka da suka yi wa Faransa aiki suna ajiye a ma'ajiyar takardun ma'aikatan soja da ke birnin Pau na ƙasar Faransa, kuma iyali na da ikon rubutawa su nemi kwafin bayanin aikin mahaifinsu, wanda ke nuna ranar shiga, wuraren da ya je da ranar sallama. Da wannan a hannu ake zuwa kotu da shaidun da suka san mamacin, a nemi takardar da ke tabbatar da cewa mai wannan suna da mai wancan mutum ɗaya ne. Don Allah kada kowa ya sa alƙalami ko reza a tsohon littafin da nufin gyara, domin da an ga kankara littafin ya mutu. Kada kuma a damƙa na asali ga ƴan tsakiyar da ke yawo ƙauyuka suna cewa sun san hanya. A ba da hoto, a riƙe na asalin a gida. Sannan a san cewa kuɗin katin mayaƙi yana tsayawa ne da rasuwar mai shi, ba a gadonsa. Fanshon wanda ya cika shekara 15 a aiki shi ne matar mamaci ke da rabo a ciki, idan ta tabbatar da auren. Na ga gidajen da suka sayar da akuya suna bin abin da doka ba ta ba su ba, don babu wanda ya zauna ya bambance musu.

Amma tsohuwar da ba ta karatu, ta yaya za ta yi duk wannan ita kaɗai? Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, kuma ofishin jakadancin Faransa a can yana rufe tun Janairun 2024. Abin da ke tsakanin gwamnatoci daban, haƙƙin wanda ya zubar da jininsa daban, kuma kare wannan haƙƙi aikin hukumominmu ne. Ina kira gare su da su ware tebur ɗaya a nan Zinder, da ma'aikacin da ya iya Hausa da Barbarci, ya san fasalin waɗannan takardu, ya karɓi koke, ya rubuta wasiƙa, ya bi sawunta. Kotuna su riƙa fita zaman ƙauye musamman don wannan, kamar yadda ake fita yi wa yara takardun haihuwa, su je Magarya, Matamai, Tanut da Gure, kuma a yafe wa matan mamatan kuɗin takarda. Shaidun da suka san waɗannan sojoji ido da ido sun haura tamanin, kullum ana binne su, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ya kamata kuma ƙasarmu ta nemi kwafin rajistar ƴaƴanta da ke can waje a ajiye a gida, ko babu ko dala a ciki, domin jika yana da haƙƙin sanin inda kakansa ya yi yaƙi da inda aka binne shi.

Ba kuma maganar jiya kaɗai nake yi ba. Rundunar sojojin ƙasarmu, wadda aka kafa a 1961, tana ɗaukar ƴaƴanmu har gobe, da yawansu da takardar haihuwar da aka yi a gurguje lokacin jarrabawa. Mun ga hare-haren da aka kai wa sojojinmu a Bosso a 2016, da Inates a Disamban 2019, da Shinagodar a Janairun 2020, mun ga matan da aka bari da goyo. Duk sojan da ke bakin aiki ya kamata a zaunar da shi tun yana raye, a jera masa takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, takardar aure da na ƴaƴansa kusa da fayil ɗinsa na aiki, a duba harafi bayan harafi, abin da ya saɓa a gyara nan take ba tare da ya biya komai ba.

Ku kuma, Malam Edita, ina roƙon ku tura wakilinku ya zaga Birni da Zango da Garin Malam ya zauna da waɗannan iyalai, ya ga littattafan da idonsa, sannan ya je ya tambayi hukuma wane ofishi ne ke da alhakin wannan gyara a jihar Zinder, wace rana ake karɓar mutane, kuma waɗanne takardu za su riƙo. In kun samo amsa, ku buga ta da Hausa, ku miƙa wa gidajen rediyon gari su karanta.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Unguwar Birni, Damagaram