Zuwa ga abokan cinikinmu, kan maganar garanti da saitin kwamfutar mota

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu masu kawo mana motoci.

Ba mu so a ce sai mun rubuta wannan takarda ba, amma maganar da ke yawo ta wuce a yi shiru. Ana cewa duk motar da muka jona wa na'urarmu, garantinta ya tashi. Wasu sun kira mu rai a ɓace. Wasu kuma sun ɗauke ƙafa ba tare da sun tambaye mu komai ba, kuma wannan ya fi yi mana ciwo.

Tushen maganar mota ɗaya ce. Mai ita ya nemi a ƙara wa injinta ƙarfi, aka sake rubuta manhajar kwamfutar injin. Daga baya turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, ya lalace, dila ya duba ya ce ba zai gyara a kan garanti ba. Daga nan labari ya yi fiffike.

Don Allah ku bambanta ayyukan. Idan fitilar inji ta kama muka jona na'ura a soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, karanta matsala muke yi, ba mu taɓa manhajar ba. Haka saitin jin daɗi, kamar ƙofofi su kulle kansu idan mota ta tashi, ko madubi ya naɗe idan an kashe ta. Da yawansu kamfani ne ya ajiye su a allon mota don mai ita ya zaɓa. Inda magana take shi ne a shiga kwamfutar inji a canza yawan man da ake fesawa, da iskar da turbo ke turawa. Mota za ta ƙara ja, amma zafi yana ƙaruwa, kuloci da giya suna ɗaukar nauyin da ba a ƙera su dominsa ba. Toshe EGR, wato bawul ɗin da ke mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji, ko cire matatar hayaƙi ta DPF a manhaja ya fi haka muni, domin a ƙasashe da dama ya saɓa wa dokar hayaƙi ma.

Ko a wannan ɗin, ba garantin mota gaba ɗaya ke tashi ba. A Amurka, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an yi gyara a wani gareji, sai ya danganta lalacewar da abin da aka canza. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma littafin garantin kowace mota yana da nasa sharuɗɗan, amma hankali ma ya ba da haka: wanda aka taɓa wa inji, in injin gilashin ƙofarsa ya tsaya, me ya haɗa su? Garantin inji, turbo da giya ne ke shiga hatsari.

Mu kuma ba mu muke rubuta wannan manhaja ba. Saye muke yi daga wani kamfani da muka daɗe muna hulɗa da shi, kuma sun tabbatar mana cewa in an mayar da saitin asali babu alamar da za ta rage. Amma kwamfutocin injin zamani suna ƙirga sau nawa aka rubuta su, suna kuma da lambar tantance saiti da ake kira CVN. A kamfanoni da dama, na'urar dila tana haɗe da kamfanin ta intanet, ita ke kwatanta abin da ta gani da na asali. Rukunin Volkswagen ma lamba gare su, TD1, da suke liƙa wa motar da aka canza wa manhaja. In ta fito, sau da yawa dilan kansa ba shi da ta cewa, balle mu ƙaramin gareji. Wanda ya san mu ya san ba ma taɓa injin kowa sai ya nema da bakinsa.

Muna kan magana da masu sayar mana da manhajar, kuma muna sake duba yadda za mu tafiyar da wannan aiki nan gaba. Za ku ji daga gare mu in Allah ya so.

Alhazanmu da suka fara kawo mana mota tun muna aiki da jakar sifana ɗaya, yau 'ya'yansu ke kawo nasu, mun gode. Hajiyoyin da ke aiko direba da makulli su ce a yi duk abin da ya dace, ba mu manta da wannan amana ba. Direbobin da suke turo mana 'yan'uwansu, Allah ya saka da alheri.

Duk wanda motarsa ke da sauran garanti kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya zo da ita tare da littafin garantin, mu zauna mu nuna masa abin da aka yi mata da abin da ba a yi ba.

Naku,
Shugaban gareji da dukkan ma'aikata